Bayin Allah da Mai Keke Ke Karo da Su Tsakanin Kurna da Bata

A titin Kano girman ƙarfenka shi ne girmanka. Tirela ba ta kauce wa kowa. Tifa tana kauce wa tirela, bas tana kauce wa tifa, mai ƙaramar mota yana kauce wa bas yana ƙunƙuni, ɗan adaidaita sahu yana kauce wa mota in ya ga dama, mai babur kuma yana kauce wa ɗan sahu. Can ƙarshen layi, inda kwalta ta ƙare yashi ya fara, nan aka ajiye mai keke. Shi ke kauce wa kowa, har da akuya.

Alhali kuwa da wuya a sami garin da ya dace da keke irin Kano. In ka cire Dala da Goron Dutse, ƙasar a shimfiɗe take. A da ma keke abin alfahari ne. Malamin makaranta da ma'aikacin En'e da shi suke taƙama, har masana'antar kekunan Rali aka yi a Bompai. Kuɗin ƙarin albashin Udoji na 1974 ne suka fara karya darajarsa, ma'aikata suka koma babur. Daga baya acaɓa ta cika gari, har zuwa Janairun 2013 da aka hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, sai 'yan sahu suka gaje titi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Nan fa aka shiga zaure da bayan ɗaki ana kakkaɓo tsofaffin kekuna.

To, duk wanda ya hau sirdi da safe daga Kurna ko Rijiyar Lemo, ya biyo Titin Katsina, ya ratsa Fagge zuwa Kantin Kwari, Singa ko Bata, ga mutanen da ke jiran sa a hanya.

Ɗan sahu mai idon fasinja

Allah ya ba shi ido biyu, duka ya sadaukar da su ga bakin titi. Yana iya hango matar da ta ɗaga ɗan yatsa daga nisan falwaya uku, amma ba ya ganin keken da ke manne da haƙarƙarinsa. Yana hango ta zai karya kai dama, ba sigina ba sallama, ya tsaya cak. Kai kuma da ke biye da shi, dukiyarka a fannin tsayawa 'yan robobi biyu ne da tafin takalmi. Kafin ka gama salati har ya leƙo da kai: "Hajiya, ina zuwa?" Za a yi cinikin naira hamsin a nutse, kana tsaye da ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a feda.

In ka yi magana, amsarsa a shirye take: "Haba Malam, abinci muke nema." Wato kai shan iska ka fito. A yi masa adalci dai, akwai balas da zai kai wa mai sahun da yamma, ga mai, ga haraji, ga cefane. Shi ya sa a bayan sahunsa yakan sa a rubuta nasiha a kan haƙuri. Kai aka rubuta wa, domin kai ne kullum a bayansa kana karantawa.

Alhaji mai buɗe ƙofa

Ya faka a bakin banki kan Titin Murtala Muhammad, gilas a rufe, sanyi na kaɗa shi. Motarsa tana da madubi a kowane gefe, kuma yana amfani da su sosai wajen gyara zaman hula. Daidai lokacin da ka zo saitinsa, lokacin ne Allah zai nufe shi da fitowa. Ƙofa ta wangale, kan keke ya daki ƙarfe, kai ka yi gaba, keken ya tsaya a baya.

Abin da zai biyo baya yana da tsari, ba ya canzawa. Da farko zai duba ƙofar. Zai sa babban yatsa ya murza inda fenti ya ƙwarzane, ya lashi yatsan, ya sake murzawa, ya ja tsaki. Sannan ya ce, "Kai, ka san nawa ake fentin ƙofar nan?" Sai bayan an gama da lafiyar mota za a waiwayi ta ɗan Adam: "Sannu. Ba ka ji ciwo ba ko?" Tambaya ce da ta zo da amsarta a goye. Kai ma, da yake an yi maka tarbiyya, sai ka ji bakinka yana cewa, "Ba komai, Alhaji," jini na bin ƙwaurinka.

Sarkin oda

Wannan ya yi imani cewa cunkoso na jin tsoron ƙara. Motoci sun yi layi tun daga shataletale har inda ido ya ƙure, amma a ganinsa kai ne ka tare gari. Zai ɗora hannu a oda har kunnenka ya yi zafi. Ka raɓe, ya wuce a fusace yana jifan ka da harara, ya yi taku ashirin ya tsaya. Sai ga ka ƙiiƙii, ka wuce shi. Layi ya motsa, ya sake danna oda, ya sake wucewa, ya sake tsayawa. Kafin a kai Fagge kun zama 'yan sani, ka san launin hularsa, ya san facin wandonka.

Ba go-sulo ne ke ƙona masa rai ba, ya saba da shi. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce abin hawan da kuɗinsa bai kai na tayarsa ɗaya ba zai riga shi isa kasuwa. Kuma zai riga shi.

Mai tsallaka titi da waya a kunne

Ya duba dama, ya duba hagu, ya ga babu mota, sai ya shigo. Ya gan ka sarai, amma a lissafinsa keke ba ya cikin abubuwan da ke buge mutum. Ka kaɗa ƙararrawa, ƙarar ta ɓace a cikin hayaniyar janareto da wa'azin mai kaset. Ka yi dama ya yi dama, ka yi hagu ya yi hagu, har ku tsaya hanci da hanci. Sai ya janye wayar daga kunne: "Malam, ba ka da birki ne?" Ya mayar da ita: "Ina jin ka, wani mai keke ne."

Yana da 'yan'uwa biyu. Akwai dattijon da ke ɗaga tafin hannu ɗaya ya shigo titi ba tare da ya dubi kowa ba. Wannan ba a ja da shi, sai dai a ce, "A hankali, Baba." Akwai kuma aminan da suka daɗe ba su haɗu ba, Allah ya haɗa su a 'yar hanyar da ta rage tsakanin bas da kwata. Sun riƙe hannun juna, an tambayi gajiya, an tambayi iyali, an tambayi mai jiki, an yi gaisuwar rasuwar bara. Ka yi gyaran murya, su dube ka da mamakin rashin ta-idonka.

Mai kura da ɗan dako

A Singa za ka same shi, ya jibga katan-katan na taliya da buhunan sukari har sun fi shi tsawo, yana turawa yana hango hanya ta ƙarƙashin hammata. A Kantin Kwari dilar atamfa ce a kansa, wuyansa ba ya juyawa, duk inda zai duba sai ya juyo da dilar gaba ɗaya. Wani kuma rodi ya ɗauko a baro, ya ɗaura 'yar jar leda a ƙarshensa, ya sauke nauyin da ke kansa: duk wanda rodi ya tsire, shi ya ƙi karanta leda.

Kalmarsa ɗaya ce, "Hanya! Hanya!" Matsalar ita ce yakan faɗe ta bayan kurar ta riga ta taɓa madigadinka. Duk da haka mai keke ba ya riƙe shi a zuci. Kura ba ta da birki, in ta ɗauki gangara ita ke jan mai ita. Kuma a duk titin nan shi kaɗai ne guminsa ya fi naka yawa. In kun haɗa ido, "sannu da aiki" kawai ke fitowa.

Mai shagon da ya haifi tebur

Hukuma shago ta ba shi. Shagon ya haifi tebur, tebur ya haifi lema, lema ta haifi benci, benci ya jawo abokan hira, kowane abokin hira ya zo da babur ɗinsa ya jingine. A gefe mai rake ya kafa baro, masu sha suna zubar da ɓawo. Da haka zuri'ar shago ɗaya ta cinye gefen titi, wato daidai wurin da kowa ke cewa mai keke ya koma.

In an zo rusau, za ka ga titi ya yi faɗi har ka yi mamakin ashe haka aka gina shi. Kwana biyu tebur zai leƙo da ƙafa ɗaya. In tsautsayi ya sa fedarka ta taɓa tiren tumatir, ba a dogon shari'a: ka saya. Akwai magidanta da dama da iyalinsu ke yaba musu yawan cefane, ba su san dalili ba.

Ɗan wan-we

Wurin juyawa ya yi masa nisa, mai kuma ya yi tsada, saboda haka ya yanke shawarar biyo hannun da ba nasa ba. Da yake yana tsoron motoci, sai ya zaɓi gefen da kake. Yana tahowa yana kunna maka fitila da rana tsaka, wai ka ba shi hanya. Damanka kwata, hagunka bas. In ka buɗe baki zai ce, "Nan kusa zan sha kwana." A wurinsa laifi ba ya zama laifi sai ya yi tsawon kilomita.

Mai feshin damina

Watan Agusta, an kwana ana ruwa, magudanai sun cika da leda sun amayo. Ka sa farin yadinka mai guga, ka naɗe ƙafar wando, kana lallaɓawa a gefen kududdufi kana addu'ar kada akwai rami a ƙasa. Sai ga shi ya taho. Ruwan da kowa ke rage gudu a kansa, shi a nan yake gwada lafiyar injinsa. Kafin ka ɗaga kai ka sha wanka na biyu, da ruwan da bai kamata a bincika tarihinsa ba. Akwai direbobin da ke taka birki su wuce a hankali, har su ɗaga maka hannu. Waɗannan Allah ya yi musu albarka, ya ƙara mana irinsu.

A kan direban tirela da na tifa kuwa babu raha. Daga inda yake zaune ba ya ganin abin da ke gindin tayarsa. Duk mai keken da ke son ya ga jikokinsa, kada ya kuskura ya shiga gefensu a kan kwana.

Alƙalan bakin titi

Kana faɗuwa kotu ta zauna. Ba a san daga inda suke fitowa ba, amma kafin ka tattara takalmanka an kewaye ka. Wanda ya fi kowa cikakkiyar shaida shi ne wanda ya iso daga baya: "A kan idona aka yi!" Wani ya ce mai motar ne, wani ya ce ai masu keken nan ba sa jin magana, wani ya kawo labarin irin wannan da ya faru a 'Yan Kura, wanda ya fi naka muni. Ana cikin haka wani ƙaƙƙarfa zai kwantar da kekenka ya hau kan wilin da ya lanƙwashe da ƙafa biyu, wai gyara yake. Wilin da ya karkace gefe ɗaya yanzu ya karkace gefe biyu.

Hukunci kuwa ɗaya ne tun da aka kafa kotun: "Tunda ba a rasa rai ba, a yi haƙuri." Haƙurin nan kuma a kan mai keke ake sauke shi, mai mota nasa ɗaga hannu ne ya ja gaba. Sai dai a faɗi gaskiya, a cikin alƙalan nan ne wani zai sayo maka ruwan leda ka wanke ciwo, wani ya tsinto maka hularka, a yi maka sannu har ka gaji da amsawa.

Mai ba da hannu

Shi bai tsane ka ba, bai kuma san da kai ba. Ba ka da lamba, ba ka da lasin, ba ka da inshora, babu takardar da za a ce ta ƙare. Idonsa yana ratsa ka ya sauka a kan motar da ke bayanka. Akwai daɗi a cikin wannan, domin ba a taɓa cewa ka faka. Akwai kuma haɗari, domin in ya ga motar ƙarshe ta wuce zai saki ɗaya hannun, kai kuwa kana tsakiyar mahaɗa kana taka feda da iya ƙarfinka.

Mai faci

Yana gindin bishiya da famfonsa, da bokitin ruwan da ya yi baƙi, da rediyo a rataye. Zai ciro robar ciki ya hura, ya tsoma a ruwa yana juyawa a hankali har kumfa ta tona asirin huji. Ya kankare wurin, ya shafa gam, ya hura da baki, ya manna, ya bubbuga. Daga nan ya laluba cikin taya ya zaro ƙusar, ya miƙa maka a tafin hannu, kamar ungozoma na nuna wa uba jariri.

Kullum sai ya ce, "Malam, tayar nan fa ta gama aiki," kullum kuma sai ya yi mata faci. Kafin gam ya bushe ka ji halin da siyasar jiha take ciki da wanda zai ci zaɓe mai zuwa. Wasu na zargin yadda ƙusoshi ke yawaita daf da rumfarsa. Zato dai zunubi ne, kuma wanda za ka koma wurinsa gobe ba ka yi masa ƙazafi.

Mai jaje a wurin aiki

Ka tsallake duk waɗancan, ka iso da gumi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Mai gadi ya tare ka: "Mai keke, a kai shi baya." Sunanka ya ɓace ke nan, ko da kai ne akawun wurin. A ciki kuma ga abokin aiki ya karyar da kai, ya sassauta murya: "Malam, lafiya dai? Me ya sami mashin ɗin? Kai, Allah ya kawo mana sauƙi." Ka ce masa lafiya lau, don motsa jini ne da rage kashe kuɗi, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane kana rufa wa kanka asiri. Ranar 25 ga wata shi ne zai zo teburinka a hankali yana neman rancen kuɗin sahu.

Kada mai keke ya ɗauka talaucinsa ne ya jawo masa. A 2001 ministan sufuri na ƙasa, Cif Ojo Maduekwe, ya tashi haiƙan yana kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har yana hawa zuwa aiki a Abuja. Bas ta ture shi cikin rami. In minista bai tsira ba, ina ga mai koyarwa a firamare?

Mu kanmu

Laifi tudu ne, kuma a kan sirdi ana hango na kowa ban da na mahayi. A cikinmu akwai tsohon hannu, mai Ralin da ta girmi 'ya'yansa, ya maƙale ƙafar wando da abin shanya, yana tafiya da gudun da bai canza ba tun zamanin Shagari. A tsakiyar titi yake bi, domin lokacin da ya fara bin hanyar babu waɗannan motocin, su suka same shi.

Akwai mai lodi, wanda ya ɗaure buhun gawayi uku a kariya, ko katifa a gicciye, faɗinsa ya kai na mota amma yana neman wucewa ta inda keke ke wucewa. Akwai yaro mai sakin hannu, birkinsa silifas, yana ɗaga tayar gaba a gaban tifa don 'yan mata su gani. Akwai sabon shiga, wanda tsadar mai ta sauko da shi daga mota, har yanzu yana laluben oda a kan keke, in ya hango surukinsa kuma sai ya sauka ya shiga duba sarƙa. Akwai ɗan gayu mai hular kwano da matsattsun kaya, wanda kekensa ya fi babur tsada. Shi in ya hau sai a ce yana kula da lafiyarsa, kai in ka hau sai a ce Allah ya rufa asiri.

Sannan akwai wanda ya fi kowa yawa: mai tafiyar dare da baƙar riga, babu fitila gaba, babu mai ƙyalli a baya, danja kuma a ganinsa don masu inji aka kafa ta. In an buge shi zai rantse direba makaho ne.

An yi gadoji sama da ƙasa a Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Ruwa, Dangi da Hotoro, kuma sun rage wa masu mota wahala. Mai keke abin da ya samu shi ne hawan da zai sauka ya tura. Abin da muke roƙon hukuma bai kai kuɗin ginshiƙin gada ɗaya ba: a ja farin layi a gefen manyan tituna a ce nan na keke ne, a kuma hana tebur da faki cinye shi. Alhaji, a dubi madubi kafin a buɗe ƙofa. Ɗan sahu, sigina ba ta shan mai. Ɗan'uwa mai keke, ka sayi fitila, ka gyara birki, ka tsaya a danja. Kai kuma mai karatu, in ka ga kanka a cikin jerin nan, ba sai ka faɗa wa kowa ba. Gobe in ka riski mai keke, ka ba shi tazarar kamu uku, ka bar oda ta huta.